Hoton Auta a Kujerar Hagu

Shekara talatin da huɗu Mai Burushi ya yi yana shiga jirgin sama kusan kullum, amma ko sau ɗaya jirgi bai taɓa ɗagawa da shi a ciki ba. In an tsokane shi da wannan sai ya ce shi ba shi da kowa a sama, nasa duk suna ƙasa. Aikinsa shara ne, sai dai ba sharar wurin fasinjoji ba, inda ake kwasar ɓawon lemo da ɓamɓarar cingam a ƙarƙashin kujera. Shi can gaba yake, ɗakin matuƙa, ɗan matsattsen wurin nan da dogon mutum ba ya iya miƙewa sosai, wanda maɓallai suka cika shi sama da ƙasa da gefe.

Ba ilimi ne ya kai shi can ba, nawarsa ce, wato rashin sauri. Yana saurayi cikin masu sharar baya, shi ne kullum na ƙarshen fitowa, har abokan aiki suna cewa kafin ya gama goge taga ɗaya an sauke kaya an sha mai. Sai wata rana mai sharar gaba ya bugi wani makunni da gwiwar hannu, tsoro ya kama shi ya ja bakinsa ya yi shiru. Injiniyoyi suka yi awa biyu suna lalube, fasinjoji na ta zufa a ɗakin jira. Washegari ogan shara ya jera su, ya tsallake masu zafin nama duka, ya nuna shi da yatsa.

"Kai," in ji shi, "ka fi kowa ɓata mini rai, amma ban taɓa jin ka fasa komai ba. Wuce gaba."

Kayan aikin ba su da yawa: ɗan burushin fenti mai laushi, tsumma biyu, da kwalbar ruwan goge gilashi. Dokar kuwa ɗaya ce, kada komai ya motsa. Don haka ya ɗora wa kansa wata ɗabi'a. In ya shigo sai ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a baya, ya bi ɗakin da ido daga rufi har ƙasa, ya haddace wane makunni ne ke sama, wanne ke ƙasa, wanne ke da jan marfi. In ya gama ya sake tsayawa ya sake bi. In kuwa aiki ya kama sai ya zauna a kujerar matuƙi don ya kai wani lungu, yana da irin zamansa: ƙafafu a haɗe, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, hannun da ba ya aiki a kan cinya, kamar baƙo a gidan surukai. Duk wanda aka turo masa koyon aiki, zaman nan yake fara koya masa kafin ya ba shi burushi, kuma da yawa tun a nan suka gudu.

Da wannan kallon na safe da yamma jirage suka zauna masa a ka. Sunayensu na takarda, masu lamba da haruffa, bai taɓa damuwa da su ba, nasa ya raɗa musu. Akwai Mai Agogo, tsohon nan mai kujera uku, wanda mutum na uku ke zama a karkace yana fuskantar bango cike da agoguna, kowanne da bakinsa na tara ƙura. Akwai Mai Ƙaho, wanda sitiyarinsa ya lanƙwashe kamar ƙahon rago. Daga baya aka kawo Mai Tebur, shi ba sitiyari sam, sai ɗan mariƙi a gefe da wani ɗan tebur da ake jawowa a gaban matuƙi. Wannan ya fi ba shi haushi, don matuƙa sun mai da shi wurin cin biskit. Sai babban yayansu, Mai Huɗu, mai mariƙai huɗu na ba inji wuta jere a tsakiya.

Injiniyoyi suka mai da shi abin nuna wa baƙi. Su yago hoto daga mujalla, su rufe da tafin hannu su bar kusurwa ɗaya, taga ko rabin rufi, su ce ya faɗa. Ko murya ba ya ɗagawa. "Mai Ƙaho ne, amma ƙaramin, ga tagarsa ta gefe mai hannun juyawa." Bai taɓa ba su kunya ba. Abin dariyar shi ne, fito da shi fili ka nuna masa jirage biyar a jere, ba zai iya ce maka ga wanne ne wanne ba. Duk farare ne masu fiffike, in ji shi, shi da ciki ya san su.

Matuƙan ma haka ya san su, ta abin da suka bari. Yawancinsu bai taɓa yin magana da su ba, in ya shigo sun fita, in sun shigo ya fita. Amma ya san mai taunar bayan biro, ya san mai zubar da shayi ya rufe da takarda kamar ba shi ba, ya san wani da ke maƙala hoton 'yarsa a gefen taga ya kuma manta da shi kusan duk mako. Shi kuwa ya goge hoton ya mayar inda yake. Yarinyar ta girma a hannunsa, daga mai giɓi har ta yi rigar gama makaranta, ba ta san da shi a duniya ba. Da lokacin ajiye aiki ya yi aka ba shi takardar yabo da agogon bango, ya sa burushinsa a aljihu ya dawo gida.

Gidan ɗaki biyu ne da tsakar gida, a ƙarshen wani layi da jirage ke bi ta samansa in za su sauka. Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna har shi ma ya bi sahu, akasinsa ce sak: kafin ya gama sa takalmi ta je shago ta dawo, kafin ya haɗa magana ɗaya ta yi goma ta ba kanta amsa. Ta haifa masa mata huɗu, sannan bayan an cire rai sai ga namiji, Auta. Yaron ya tashi da ƙwaƙwalwa, ya yi ta cin jarrabawa har ya ci wadda ta ba shi gurbi a makarantar koyon tuƙin jirgi a wata ƙasa mai nisa.

Shekara huɗu ke nan da tafiyarsa, bai zo ba. Waya kam yana yi duk mako. In Inna ta ce yaushe, ya ce bayan jarrabawa. Jarrabawa ta wuce, ya ce bayan horo. Horo ya wuce, ya ce sabon ma'aikaci ba ya neman hutu. Yayyensa biyu sun haihu a bayansa, bai ga jariran ba sai a waya. Inna kuwa gwiwa ta fara cin ta, ta rage fita, amma ba ta fasa share ɗakinsa ba, tana wanke zanin gadon da ba wanda ya kwanta a kai. Kewar yaron nan ce ke cin su su biyun, ko da yake ita kaɗai ke faɗa.

Wata Talata da hantsi yana zaune a benci a tsakar gida yana gyaran hannun buta, sai ya ji ihunta daga ɗaki. Ya ɗauka faɗuwa ta yi. Sai ga ta ta fito da waya a sama, ba ɗingishi ba komai.

"Malam! Malam, ajiye butar nan ka ga ikon Allah! Ɗanka a cikin jirgi!"

Ya sa tabarau, ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu yadda jikarsa ta koya masa. Fuskar ya fara gani. Auta ya ɗan yi ƙiba, ya tsayar da gemu, ga farar riga da zanen zinariya a kafaɗa. Daɗi ya cika shi. Sai dai idon da ya yi shekara talatin da huɗu yana abu ɗaya ba ya neman izini. Da kansa ya bar fuskar ya hau rufi, ya fara gangarowa.

Mai Huɗu ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya gyara zama, don ba a ba sabon matuƙi Mai Huɗu, sai gashin kansa ya fara fari. Kuma yana kujerar hagu, kujerar kyaftin, alhali wanda ya fito makaranta jiya a dama yake zama shekara da shekaru. Allunan gilashi na gaba masu nuna lambobi duk a mace suke, baƙi ƙirin. Ga wata jar takarda rataye a jikin mariƙi na uku, irin wadda injiniyoyi ke ratayawa don a san ana aiki, kada a taɓa. Ta taga kuwa ba sama ake gani ba, ba fili ba, ƙarafunan rufin rumfar gyara ne.

Duk wannan da ya iya nema masa uzuri. Ai matuƙi ma yana iya leƙawa rumfar gyara ya ɗauki hoto a jirgin da ba nasa ba. Zaman ne ya kashe masa jiki. Ya ga matuƙa sun fi dubu a kujerar nan. Matuƙi baje ƙafa yake yi, ya ɗora hannu a kan mariƙan wuta ba ko tunani, don ɗakinsa ne. Auta kuwa ƙafafu a haɗe, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, hannuwa biyu a kan cinya. Ba a koyar da wannan zaman a makarantar tuƙi. Sai wanda ya daɗe yana tsoron taɓa abin da ba nasa ba ke zama haka. Ɗakin kuma tsaf yake, har 'yan ramukan nan na tsakanin mariƙai da malalaci ke tsallakewa.

"Ka yi shiru," in ji Inna. "Ba ka ce komai ba."

"Ya yi kyau," ya ce. "Ɗakin ya sharu."

"Ji mutum! Ana nuna masa ɗansa, shi yana kallon shara."

Ta fizge wayarta, ta yafa mayafi. Matar da sati uku ba ta taka bakin ƙofa ba, ranar sai da ta zaga layin kaf. Kafin yamma labari ya kai shagon aski, inda dattawan layin ke taruwa su gyara duniya da baki. Da ya zo wucewa suka tare shi, wannan ya kama hannu, wannan ya dafa kafaɗa, mai aski ya ce daga yau sunansa Baban Kyaftin. Ya karɓi hannuwan duka. Ya ce na gode, na gode, madalla. Bai yi ƙarya da bakinsa ba, amma ya san abin da ya yi.

Fushi ya fara yi, gaskiya. Duk duniya a rasa wanda za a yi wa wayo da hoton ɗakin matuƙa sai shi? Kamar a kawo wa tela riga mai hannu ɗaya a ce ba zai lura ba. Kwana biyu yana tsaki shi kaɗai, har Inna ta tambaya ko haƙori ne. Da fushin ya kwanta sai abin da ke ƙarƙashinsa ya fito, kuma ya fi ciwo. Wato ɗansa burushi yake riƙewa, kuma gara masa ya yi shekaru bai ga uwarsa ba da a san yana aikin ubansa.

A kwana na biyar ya shiga ɗakin Auta neman wata igiya, sai idonsa ya faɗa kan bango. Akwai wani babban hoton ɗakin matuƙa da injiniyoyi suka so jefarwa, shi ya naɗe ya kawo gida ya manna tun yaron yana ɗan shekara shida. Ya koɗe yanzu, gefensa ya tattare. A gaban hoton nan yake ɗora shi a cinya ya nuna masa wannan na mene ne, wancan na mene ne. Kuma kullum da abu ɗaya yake rufewa, da alfahari ma yake faɗa: "Kai a zaune za ka shiga nan, ba a durƙushe kamar ubanka ba." Sau nawa ya faɗa? Ba ya ƙirguwa. Shi a ransa addu'a yake yi wa yaro. Bai taɓa tsayawa ya ji yadda maganar ke sauka a kunnen ɗan shekara shida ba. Ya zauna a bakin gadon, ya manta da igiyar, kunya ta rufe shi.

Duk da haka ya so ya yi shiru. Inna ta samu lafiyar da magani bai ba ta ba, tana waƙa tana wanke-wanke, me zai sa ya taɓa? Sai ran kwana na takwas ya same ta tana ninke tsofaffin rigunan Auta, waƙar ta tsaya.

"Malam," ta ce, ba ta ɗago ba, "tunda yanzu jirgin a hannunsa yake, me zai hana ya karkato ya gan mu ko na yini ɗaya ne? Ko sai ya zo ya tarar da ɗayanmu ba ya nan?"

A nan ya gane hoton ba zai kawo yaron gida ba, ƙara nisanta shi zai yi. Wanda duk layi ke jira da sunan Kyaftin ba zai iya saukowa da jakarsa kawai ba. Bana hoto ɗaya, baɗi sai an ƙara wani.

Washegari da safe babbar 'yarsu ta zo ta tafi da Inna asibiti duba gwiwa. Ya jira har ƙarar motar ta ɓace, ya shiga ɗakin Auta ya kira shi a waya. Suka gaisa. Auta murya sama-sama, ya shiga ba da labarin gajimare da iska da yadda gari ke zama ƙanƙane in an hango shi daga sama. Ya bar shi ya yi ta yi har ya gaji don kansa.

"Auta, Mai Huɗun nan na hoto."

"Na'am, Baba."

"A gindin mariƙi na farko akwai wani ɗan rami, ta gefen kyaftin. Nan shayinsu ke gangarawa ya bushe ya yi danƙo. Kada ka zuba masa ruwa, bi yake yi ya shiga ciki. Ka naɗa tsumma a gindin burushi, ka ɗan jiƙa, ka bi a hankali."

Yana jin numfashin yaron, da ƙarar wani inji can nesa.

"Jar takarda kuma in ka gan ta, ko da tsumma kada ka kusance ta. Kana ji na?"

"Ina ji, Baba." Muryar ta sauko, ta koma wadda ya sani. Sannan Auta ya ce, "Da auduga nake yi. A kan tsinke. Ta fi shiga."

"Auduga," in ji Mai Burushi. Shekara talatin da huɗu, bai taɓa tunanin auduga ba.

Sai kuka ya ƙwace wa Auta, irin kukan babban mutum da ya daɗe yana riƙe shi, mai fita da ƙyar. Uban bai ce masa ya yi shiru ba. Ya riƙe wayar da hannu biyu ya jira, jira dai ba baƙonsa ba ne.

"Faɗuwa na yi a gwajin tuƙi, Baba. Ba ciwo na yi ba, ba zaluntata aka yi ba. A takarda na fi kowa. Amma in muka zo sauka, na ga ƙasa ta taso mini, hannuna rawa yake yi. Sau uku suka gwada ni, suka ce in haƙura. Na rasa da wace fuska zan dawo. Na je filin jirgi neman aiki, suka ce shara ce kaɗai. Na ce ta gaba nake so. Suka yi dariya, suka gwada ni, suka bar ni."

"Rigar fa?"

"A shago na saya. Inna ce ta matsa sai ta ga hoto."

"Shekara nawa kana yi?"

"Biyu da rabi."

"Ka taɓa bugun wani abu?"

"Ko sau ɗaya."

"A nan hannun ba ya rawa?"

"Ba ya yi."

"Mai Huɗu wa ke shiga a cikinku?"

"Ni kaɗai suke ba wa."

Mai Burushi ya cire tabarau ya ajiye a kan gado, don sun daina yi masa amfani.

"Kai ka ce in shiga a zaune, Baba," in ji Auta a hankali.

"Na faɗa. Bakina ne ya yi kuskure, ba kai ba. Da durƙuson nan na ci da ku, da shi na aurar da yayyenka huɗu, ban taɓa jin kunyarsa ba ko rana ɗaya. Ban san yadda aka yi na koya maka jin kunyarsa ba. Ka yafe mini."

"Haba Baba, ni ne zan..."

"Na ce ka yafe mini. Sannan ka nemi hutu ka zo. Uwarka ta gaji da wanke zanin da ba a kwana a kai."

"Mutanen layi fa? Yaya ta ce kowa ya gani."

"Bar mini wannan," ya ce, ko da yake bai san ta inda zai fara ba. Kafin su ajiye waya sai da ya sa shi ya faɗi rana da bakinsa, goma ga wata mai kamawa.

Da Inna ta dawo ya bari ta zauna ta miƙe ƙafa, ta sha ruwa. Sannan ya jawo benci kusa da ita, ya buɗe hoton, ya fara da abin da ya iya. Ya nuna mata mariƙai huɗu, ya nuna mata kujerar hagu, ya zo kan jar takarda. Ta dube shi, ta dubi hoton, ta sake dubansa. Mace ce mai saurin ganewa, tun kafin ya kai ga zaman ta riga shi isa.

"Bar ni da ƙarafunanka," ta ce. "Aikinka yake yi?"

"Shi yake yi."

"Lafiyarsa ƙalau? Yana cin abinci?"

"Ƙalau yake."

"Zai zo?"

"Goma ga wata."

Ta rufe fuska da gefen mayafi ta yi kukanta, mai isarta. Ya ɗauka an gama. Sai ta share ido ta juyo kansa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar."

"Kwana tara! Kwana tara kana kallona ina yawo da hoto gida-gida kamar mai talla, kai kana zaune kana gyaran buta! Wannan nawar taka wata rana sai ta kashe ni." Ranar ba ta ƙara ce masa uffan ba. Abincinsa ma a bakin ƙofa ta dire masa, amma ya lura ta zuba masa fiye da kullum.

Da gari ya waye ya gan ta ta yafa mayafi, ta ɗauki sandar da likita ya ba ta, wadda ta rantse ba za ta riƙe ba. Ya ce ai an ce ta huta.

"Da ƙafar nan na kai maganar, da ita zan je in ɗauko ta," ta ce. "Ba zan bar yarona ya sauka a layin nan kowa na ce masa Kyaftin yana sunkuyar da kai ba."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta. Ta shiga gidan farko, ta fito, ta tsallaka ta shiga na biyu. Wani gidan ba ta daɗewa, wani sai ya fara tunanin ko ya bi ta. Tana tafe tana dogara sanda, tana tsayawa ta huta a jikin bango, ba ta tsallake ƙofa ko ɗaya ba. Shekara arba'in da aurensu, bai taɓa jin sonta kamar na wannan safiyar ba. Sai da rana ta take ta dawo, ta zube a benci tana haki.

"Gida goma sha ɗaya," ta ce. "Matar tela ta taɓe baki, na ce ta gyara shi kafin in gyara mata. Sauran kuwa ba abin da suka ce sai Allah ya kawo shi lafiya. Saura wuri ɗaya, kuma ba nawa ba ne. Kai ka karɓi barka a shagon aski."

Ya sa hula. Dama shi ba mai sauri ba ne, ranar kuwa sai da ya yi ninkin lokacinsa kafin ya kai. Ya so ya tarar da shagon ba kowa, ya tarar da shi cike, har da waɗanda ba su da gashin da za a aske.

"Baban Kyaftin!" in ji mai aski. "A ba shi wuri, a ba shi wuri."

Bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara murya.

"Na zo gyara magana ne. Ɗana ba ya tuƙa jirgi. Ya gwada, bai samu ba. Ɗakin matuƙa yake sharewa, irin aikina. Na sani tun ranar da kuka yi mini barka, na yi shiru. Wannan laifina ne."

Almakashi ya tsaya. Wani ya dubi ƙasa, wani ya dubi madubi. Mai aski ya karkatar da kai ya ce, "Ayya," da muryar da ake yi wa mara lafiya sannu.

Wannan ayyar ce ta tayar masa da abin da bai san yana da shi ba.

"Ayya ta me? Jirgin nan mutum ɗari huɗu yake ɗauka. Duk ma'aikatan wurin, shi kaɗai aka yarda ya shiga gabansa ba mai tsaronsa, a ƙasar da ba su san ubansa ba. Shekara biyu da rabi, matuƙi bai taɓa zuwa ya tarar da abu ba inda ya bar shi ba. Ku a nan wa za a bar wa shagon nan na yini ɗaya a dawo a tarar da reza a wurinta?"

Dariya ta ɓarke, har da mai askin. Wani tsoho daga lungu ya ce to yanzu me za a kira shi in ya zo.

"Abin da kuke kiransa yana yawo ba wando a layin nan. Auta. Goma ga wata yake tafe."

Sai a lokacin ya zauna. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce wa mai aski in layi ya zo kansa a gyara masa sosai, ɗansa zai dawo gida.